Yadda Ake Auna Mulkin Wata Ƙasa da na Wata

Duk inda aka zauna hirar siyasa a ƙasar Hausa, a dandali ne ko a shirin rediyon da ake buɗe wa masu saurare layi, ba a jimawa sai wani ya jawo sunan wata ƙasa. Wannan ya ce a dubi Dubai, wadda jiya-jiyan nan rairayi ce. Wancan ya ce Singafo ko ɗigon fetur ba ta haƙowa, amma ga inda ta kai. Wani ya ce Ruwanda ma da aka yi kisan ƙare dangi a 1994 yau ta fi mu oda. Daga nan sai a yanke hukunci cewa shugabanni ne ba mu dace da su ba, kowa ya kaɗe rigarsa ya tashi. Wannan ma kwatance ne, kuma ba aibu ba ne. Sai dai kwatanta tsarin mulki fanni ne mai zaman kansa a ilimin siyasa, da ƙa'idojinsa da mazhabobinsa, kuma malamansa sun daɗe suna kai ruwa rana a kan tambaya guda: in za a ɗora ƙasashe biyu a kan sikeli, mene ne ake aunawa?

Dole ce ta sa ake kwatancen. Mai binciken magani yana iya raba marasa lafiya gida biyu, ya ba waɗannan ya hana waɗancan, ya zuba ido ya ga abin da zai faru. Masanin siyasa ba shi da wannan damar. Ba mai iya mayar da Nijeriya 1960 ya sauya mata tsarin mulki don ya ga ko za a kauce wa yaƙin basasa. Abin da ya rage masa shi ne ya nemo wuraren da tarihi ya riga ya yi gwajin da kansa.

Wani masanin falsafa ɗan Ingila, John Stuart Mill, ya tsara wasu hanyoyi na gano sanadin abu a littafinsa na mantiƙi a 1843. Shi kansa bai amince za su yi aiki sosai a kan al'umma ba, amma har gobe da biyu daga cikinsu ake farawa. Ɗaya ita ce ka samo wuraren da ba abin da ya haɗa su, amma duk abu guda ya same su, sai ka nemo abin da suka yi tarayya a kai. Haka Theda Skocpol ta yi a 1979, da ta jera juyin juya halin Faransa da na Rasha da na Sin, ta ce a duka ukun sai da matsin ƙasashen waje ya karya ƙarfin gwamnati, sannan manoman karkara suka yi bore. Ɗayar kuma ita ce ka samo wurare biyu da suka yi kama a kusan komai amma makomarsu ta bambanta, sai ka bi sawun ɗan abin da ya raba su.

Wannan ta biyun ba sai mun yi nisa wajen neman misalinta ba, don ƙasar Hausa na cikin wuraren da suka fi dacewa da ita. A farkon ƙarni na 20 Ingila da Faransa suka ja layi suka raba ta. Mutanen kudu da layin da na arewa da shi harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, gero ɗaya suke nomawa, suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya. Baturen da ya zo wa kowanne ne ya bambanta. Turawan Ingila suka bar wa sarakuna kotun alƙali da 'yan doka da gidan yari da baitulmali, suka yi mulki ta hannunsu. Faransawa kuwa suka mayar da sarki tamkar ɗan aiken kwamanda, aikinsa tara haraji da samo mutanen aikin tilas. Wani Ba'amurke, William Miles, ya zauna a garuruwa biyu maƙwabta, 'Yardaje ta wajen Daura da Yekuwa ta wajen Magarya, ya fitar da littafi a 1994 yana bin diddigin yadda wannan bambanci ya shiga sarauta da makaranta da kasuwanci da yadda talaka ke kallon hukuma. Ƙarfin aikin nasa a nan yake: duk bambancin da aka gani tsakanin garuruwan biyu, ba dama a ɗora wa harshe ko addini ko yanayin ƙasa, tunda waɗannan ba su canja ba.

Tun kafin Miles, M. G. Smith, mijin Mary Smith wadda ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo, ya yi irin wannan a Zazzau. Da masu jihadi suka ci Zariya, Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa, 'yan'uwansa suka kafa Abuja, wadda yau ake kira Suleja, suka ci gaba da sarauta irin ta da. Sai ga masarauta ɗaya ta zama biyu. Smith ya jera su a littafinsa na 1960, muƙami da muƙami. A Abuja zuriya ɗaya ce ke sarauta, kuma manyan muƙamai irin su Galadima da Wambai da Dallatu a hannun babanni suke, waɗanda ba su da halin neman gadon sarki. A Zariya gidaje huɗu ne ke hangen gado ɗaya, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, don haka sarkin da ya hau yakan tuɓe mutanen wancan gidan ya naɗa nasa. Sunayen sarautun suna nan yadda suke, amma aikinsu ya zama wani abu dabam.

Yanzu a dawo kan Singafo. Birni ne guda mai mutum kimanin miliyan shida a bakin ɗaya daga cikin mashigan ruwa mafi cinkoso a duniya. Nijeriya tana da fiye da mutum miliyan 200 da jihohi 36 da ɗaruruwan harsuna. Abin da ya raba su ya fi a ƙirga, saboda haka duk wanda ya tsinci abu ɗaya a ciki ya ce shi ne sanadi, zaɓinsa kawai ya faɗa, ba hujja ba.

To amma hanyoyin Mill ba su gaya maka abin da za ka duba ba, sun dai nuna maka yadda za ka haɗa ƙasashen. Abin dubawa ra'i ne ke zaɓa maka shi, kuma a nan ne malamai suka rarrabu.

Rarrabuwar tsohuwa ce. Aristotal, almajirin Aflatun, ya tattara bayanin tsarin mulkin birane 158 tare da ɗalibansa a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya auna su da tambayoyi biyu: mutum nawa ke riƙe da iko, kuma don amfanin wa? Ko mutum ɗaya ne, ko 'yan kaɗan, ko jama'a, kowanne yana da nagari yana da gurɓatacce, shida ke nan. Dimokuraɗiyya ma cikin gurɓatattun ya sa ta, abin da masu yawan ambaton sunansa ba su cika faɗa ba. Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ba siffar mulki ce ta fi damunsa ba. Abin da ya duba a Muƙaddima shi ne asabiyya, wato ƙarfin haɗin kan da ke sa mutanen daji su ci birni, da yadda jin daɗin birnin ke cinye wannan ƙarfin cikin kimanin zuriya uku, sai wasu su zo su ture su. A nan gida ma akwai Kitabul Farƙi da ake dangana wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya jera al'adun mulkin sarakunan Hausa, irin su jangali da kuɗin gari da gaisuwa, ya gwada su da abin da shari'a ta tanada. Shi nasa kwatancen na hukunci ne, ana auna abin da ake yi da abin da ya kamata a yi. Na masanan zamani na neman sanadi ne. Duka biyun suna da wurinsu, amma haɗa su a jimla ɗaya shi ne abin da ya fi rikita muhawararmu.

Da aka fara koyar da ilimin siyasa a jami'o'in Turai da Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, hanya mafi sauƙi aka bi: a buɗe kundin tsarin mulki a karanta. Majalisa ɗaya ce ko biyu, wa ke naɗa alƙalai, wa ke iya rushe majalisa. Ƙarni na 20 ya kunyata wannan mazhaba. Kundin da Jamus ta rubuta a 1919 ya sha yabo, amma a ƙarƙashinsa Hitila ya hau mulki a 1933. Kundin Tarayyar Sobiyet na 1936 ya tabbatar da 'yancin faɗar albarkacin baki, a daidai lokacin da Stalin ke ɗaure mutane yana kashewa. Sannan ga sababbin ƙasashe, 17 a Afirka a shekarar 1960 kaɗai, waɗanda takardarsu ke faɗin abu ɗaya, ƙasa kuma tana yin wani.

Sai malaman Amurka suka ce a bar takarda a dubi aiki. David Easton ya ce kowane tsarin siyasa, na sarki ne ko na soja ko na zaɓe, abu biyu ke shiga cikinsa, buƙatun jama'a da goyon bayansu, abu ɗaya ke fita, wato hukunci, kuma abin da ya fita shi ke komawa ya haifi sababbin buƙatu. Wanda ya ga Janairun 2012 ya ga wannan da idonsa: gwamnatin Jonathan ta cire tallafin fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kimanin 141, jama'a suka cika tituna, ƙungiyoyin ƙwadago suka tafi yajin aiki, aka dawo da ita naira 97. Gabriel Almond ya ƙara gaba, a littafin da suka fitar a 1960 da James Coleman, wanda dama Nijeriya ya nazarta. Ya ce akwai ayyukan da dole kowace al'umma ta yi: bayyana buƙata, tattara buƙatu, yin doka, zartar da ita, yanke hukunci da ita, tarbiyyar 'yan baya da fitar da shugabanni. Abin tambaya shi ne wa ke yin kowane aiki a kowace ƙasa. Manomin Suwidin da ke son taki ya yi sauƙi ƙungiyar manoma zai je. Na Sin sakataren jam'iyya na yankinsa zai nema. Namu kuwa yana iya bi ta hannun mai unguwa zuwa dagaci, ko ya tari kansila a wurin ɗaurin aure, ko ya kai kuka ga malamin da gwamna ke jin nauyinsa. Mai karanta kundi kawai ba zai taɓa ganin malamin nan ba, alhali wani lokaci ya fi ɗan majalisa tasiri. Wannan ita ce babbar gudummawar mazhabar. Rauninta kuma shi ne ta iya siffanta yadda tsari ke tafiya, amma in ya rushe ba ta da abin cewa, kuma ba ta tambayar wa ke cin moriya wa ke biyan kuɗin.

Tare da ita aka haifi ra'in zamanantarwa, mai cewa hanya ɗaya ce kowa zai bi: daga ƙauye zuwa birni, daga gargajiya zuwa boko, daga sarki zuwa akwatin zaɓe. Seymour Martin Lipset ya nuna a 1959 cewa ƙasashe masu arziki da ilimi sun fi zama da dimokuraɗiyya. Alƙaluman gaskiya ne, fassararsu ce ta zo da gardama. Indiya ta fara zaɓe a 1951 tana cikin baƙin talauci. Ƙasashen Larabawa masu fetur sun yi arziki, sarakunansu suna nan daram. A Arewacin Nijeriya C. S. Whitaker ya nuna a 1970 cewa zuwan jam'iyyu da majalisa bai ture sarauta ba, hasali ma 'ya'yan sarauta da ma'aikatan En'e ne suka cika kujerun NPC, Aminu Kano da NEPU suna waje suna fama. Sai a 2000 Adam Przeworski da abokan aikinsa suka gyara maganar bayan sun bi tarihin ƙasashe fiye da ɗari: arziki ba shi ke haifar da dimokuraɗiyya ba, amma in an haife ta a ƙasa mai arziki da wuya ta mutu.

Masu ra'in dogaro, waɗanda suka sha daga koyarwar Karl Marx, suka ce tun farko kuskure ne a auna ƙasashe ɗaya-ɗaya kamar kowace zaman kanta take, domin arzikin wasu daga talaucin wasu aka gina shi. Walter Rodney ɗan Guyana, da littafinsa na 1972, da Samir Amin ɗan Masar su ne fitattu a Afirka, kuma ra'in ya yi kaka-gida a Jami'ar Ahmadu Bello zamanin su Dakta Yusufu Bala Usman. Hujjarsu a fili take: layin dogon da Turawa suka shimfiɗa zuwa Kano gyaɗa da auduga da fatu ya riƙa kwasa zuwa bakin teku, yuraniyom ɗin Arlit kuma Faransa ya daɗe yana haskawa. Amma Koriya ta Kudu da Taiwan ma Japan ta yi musu mulkin mallaka, sun kuma dogara da Amurka, duk da haka suka zama ƙasashen masana'antu. Ra'in ya bayyana dalilin da ya sa hanyar ke da wuya, bai bayyana yadda wasu suka bi ta suka wuce ba.

Ra'in al'ada shi ne wanda ya fi shiga ran mutane, shi ya sa ya fi buƙatar taka-tsantsan. Almond da Sidney Verba sun yi wa dubban mutane tambayoyi a Amurka da Birtaniya da Jamus ta Yamma da Italiya da Meziko, suka fitar da sakamako a 1963 cewa yarda da juna da jin cewa muryarka na da tasiri su ne ke riƙe dimokuraɗiyya. Mafi amfani gare mu shi ne abin da Peter Ekeh ɗan Nijeriya ya rubuta a 1975, cewa mulkin mallaka ya bar wa ɗan Afirka fagen jama'a biyu: na dangi da gari, inda amana ke aiki, da na gwamnati, inda ba ta aiki. Kowa ya san mutumin da ba zai taɓa sisin kwabo na ƙungiyar garinsu ba, amma kuɗin ofis halal ne a wurinsa, har a yi masa kirari in ya kawo gida. Hatsarin wannan ra'i shi ne yana saurin zama “haka Allah ya yi mu”. An daɗe ana cewa ƙasashen Katolika ba za su iya dimokuraɗiyya ba, sai ga Fotugal da Sifen sun yi a shekarun 1970. Ana faɗin haka a kan Musulmi, alhali Senigal ba a taɓa juyin mulkin soja a cikinta ba, kuma 'yan adawa sun karɓi mulki ta hanyar zaɓe a 2000 da 2012 da 2024. Daniel Posner ya kawo misali mai kyau a 2004: ƙabilun Chewa da Tumbuka suna zaune a Malawi da Zambiya, al'adunsu iri ɗaya a ƙasashen biyu, amma a Malawi abokan hamayya ne, a Zambiya kuwa 'yan'uwa. Dalili shi ne a Malawi kowace tana da yawan da ɗan siyasa zai iya cin zaɓe da ita, a Zambiya kuwa dukansu 'yan tsiraru ne, sai sun haɗu ake ganinsu.

Wannan ya kai mu ga mazhabar da ta fi rinjaye a yau, wadda ta koma ga dokoki amma da sabon ido. Ba ta tambayar me doka ta ce, sai dai me doka ke sa mai wayo ya yi. Maurice Duverger ɗan Faransa ya lura a 1951 cewa inda ake zaɓe zagaye ɗaya, wanda ya fi ƙuri'a ya kwashe duka, jam'iyyu sukan tattaru su zama manya biyu, don ba mai son jefa ƙuri'arsa a inda ba za ta yi amfani ba. A Nijeriya an ƙara da sharaɗin da ke nan tun 1979, cewa sai ɗan takarar shugaban ƙasa ya sami kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi. Buhari ya faɗi a 2003 da 2007 da 2011 duk da miliyoyin ƙuri'unsa na Arewa, sai da CPC da ACN da ANPP da wani ɓangare na APGA suka narke suka zama APC a 2013, sannan ya ci a 2015. Ba ƙauna ce ta haɗa su ba, lissafi ne. A Nijar kuwa, kafin juyin mulkin 2023, lokacin da ake zagaye biyu a zaɓen shugaban ƙasa kuma ake raba kujerun majalisa gwargwadon ƙuri'u, ƙaramar jam'iyya ba ta da dalilin narkewa, don a zagaye na biyu ne farashinta ke tashi.

Hanya mafi kyau ta gane amfanin waɗannan ra'ayoyi ita ce a ɗora su duka a kan abu ɗaya. Bayan taron ƙasa na 1991, Nijar ta ɗauki kundi irin na Faransa a 1992, mai raba iko tsakanin shugaban ƙasa da firaminista. Mahamane Ousmane ya ci zaɓe a 1993 da goyon bayan ƙawancen jam'iyyu, ya naɗa Mahamadou Issoufou firaminista. A Satumban 1994 Issoufou ya ajiye aiki, jam'iyyarsa ta PNDS ta koma wajen MNSD, shugaban ƙasa ya rasa rinjaye. Ya rushe majalisa, aka sake zaɓe a Janairun 1995, 'yan adawa suka ci, dole ya karɓi Hama Amadou a matsayin firaminista. Aka shiga zaman doya da manja. Shugaban ƙasa ya ƙi zaman majalisar ministoci, firaminista ya sauya shugabannin kamfanonin gwamnati ba da yardarsa ba, aikin hukuma ya tsaya cik. Ranar 27 ga Janairun 1996 Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya kwashe su duka.

Mai ra'in dokoki zai ce kundin ne ya jawo, tunda ya ba mutum biyu iko bai fayyace iyakar kowa ba. To amma Faransa ta yi irin wannan zama har sau uku, daga 1986 zuwa 1988, daga 1993 zuwa 1995, da kuma daga 1997 zuwa 2002. Shugaba Mitterrand ma ya taɓa ƙin sa hannu a wasu dokokin Firaminista Chirac, ba sojan da ya motsa. Mai ra'in dogaro zai ce a tuna a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, baitulmali ya bushe, ma'aikata suna bin bashin albashi. Gaskiya ne, sai dai karyewar ta shafi Mali da Senigal da Jamhuriyar Benin ma, kuma ba a yi juyin mulki a cikinsu a lokacin ba. Mai duban tarihi zai ce sojan Nijar ya saba da mulki tun da Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani a 1974. Amma Benin ta fi Nijar yawan juyin mulki tsakanin 1963 da 1972, kuma duk da haka Shugaba Nicéphore Soglo ya yi fama da majalisar da ba tasa ba, ya faɗi zaɓe a 1996, ya miƙa wa Kérékou, wanda ya kayar da shi, mulki lami lafiya. Mali kuwa kundinta na lokacin irin na Nijar ne, amma jam'iyyar Alpha Oumar Konaré ce ke da rinjaye a majalisa, don haka ƙofar rikicin ba ta buɗe ba.

Kowane bayani, in aka tsayar da shi shi kaɗai, akwai ƙasar da za ta ƙaryata shi. A ganina abin da kwatancen ya nuna shi ne kundin ya haifar da turjiyar, talaucin baitulmali ya sa jama'a suka gaji da jira, sojan da bai daɗe da barin fada ba kuma ya sami uzuri. Ko ɗaya aka cire, da wuya a sami abin da aka samu. Akwai ma ƙarin gwaji a cikin Nijar ɗin kanta: Baré ya kawo kundin shugaba mai cikakken iko a 1996, don kada a sake zaman mutum biyu, amma a Afrilun 1999 dogarawansa suka harbe shi. Aka koma tsarin raba iko, Tandja Mamadou ya yi shekara goma da shi, har sai da tazarce ta kawo juyin mulkin Fabrairun 2010.

Akwai wani tarko da Giovanni Sartori ya yi gargaɗi a kansa a 1970, wato sa abubuwa mabambanta a ƙarƙashin suna ɗaya don a sami damar ƙirga su tare. Amurka tarayya ce, Nijeriya ma tarayya ce, amma jihar Amurka da harajin da take tarawa take rayuwa, galibin namu kuwa kason wata-wata suke jira daga Abuja. Cibiyoyi irin su Freedom House a Amurka da V-Dem a Suwidin suna ba kowace ƙasa maki duk shekara, kuma makin yana da amfani wajen ganin inda aka dosa cikin shekara ashirin ko talatin. Amma kafin a yi murna ko fushi da shi, a fara tambayar me aka ƙirga, me aka bari.

Wannan ba zancen aji ba ne kawai. A Fabrairun 2024 wasu 'yan Majalisar Wakilai kimanin 60 suka gabatar da ƙudurin mayar da Nijeriya tsarin firaminista, hujjarsu ita ce tsarin shugaban ƙasa ya yi tsada kuma ya tara iko a hannun mutum ɗaya. Suna da masana a bayansu, don Juan Linz ya yi fice da irin wannan hujja tun 1990, cewa tsarin shugaban ƙasa na ci-duka ne, kuma ba shi da hanyar sauke shugaban da ya gaza cikin sauƙi. Sai dai Nijeriya ta gwada duka biyun. Na firaminista soja suka kifar da shi ranar 15 ga Janairun 1966, kuma don gudun maimaita rikicinsa ne kwamitin da Murtala ya kafa a 1975 ƙarƙashin Rotimi Williams ya zaɓi irin na Amurka. Shi ma soja suka kifar da shi ranar 31 ga Disambar 1983. Wannan tsarin ne kuma aka dawo da shi a 1999, ya haura shekara 25 ba a katse shi ba. Duk mai son a sauya, haƙƙinmu ne mu tambaye shi me ya kashe Jamhuriya ta Farko, kuma me ya tabbatar masa cewa abin ba ya nan har yanzu. In ya amsa da sunan Birtaniya ko Indiya kawai, mai karatu, ka ce ya ƙaro hujja.